Ga masu saƙa suwaita kafin sanyin Jos ya kankama

Assalamu alaikum 'yan uwa mata. Duk wadda ke shirin saƙa wa yara suwaita ko hular sanyi, ta fara tun Oktoba, don sanyin Disamba da Janairu a nan Jos ba ya jiran kowa.

Wajen sayen zare nake so ku kula sosai. In kun shiga kasuwar Terminus, ku sayi duk ulun da aikin zai ci a lokaci guda, har da ƙarin dunƙule ɗaya. Ku duba takardar da aka naɗe shi da ita, galibi akwai lambar rini a jiki, ku tabbata duk iri ɗaya ce. In lambar ta bambanta, a cikin shago launin kamar ɗaya yake, amma da an fito rana sai ki ga hannun rigar ya fi gaban duhu. Wallahi abin takaici ne bayan wahalar makonni, kuma ba ya gyaruwa sai an warware.

Wanki kuwa da ruwan sanyi, kar a murɗe. A shimfiɗa kan tawul a inuwa, domin in aka rataya a igiya nauyin ruwa zai ja rigar ta saki.