Yadda Za Ka Riƙe Kalmomin Kumburi da Girman Kai a Sifaniyanci

In kana koyon Sifaniyanci, ka tara kalmomin kumburi da na girman kai a shafi ɗaya na littafinka, domin masu harshen ma a haɗe suke amfani da su. Mu ma ai muna cewa wane yana hura hanci.

Fara da hinchar. Ba a furta h ɗin, ch kuwa kamar c ɗinmu yake, don haka "incar" za ka ce. Asalinsa daga Latin ne, inflare, wato hura iska cikin abu. Daga shi aka samu hinchado, abin da ya kumbura, da la hinchazón, kumburin kansa. Kada ka haddace su tsurarsu, haddace jimlar da za ka faɗa wa likita. Tengo el tobillo hinchado, idon ƙafata ya kumbura. Se me hinchó la mano, hannuna ya kumbura. Ka lura ba sa cewa mi mano a nan, wannan 'yar ƙaramar me ita ke nuna hannun naka ne. Ni dai nakan dafa wurin ina faɗa: rodilla gwiwa, párpado fatar ido, encía dasashi. Hannu na kan wurin, baki na maimaitawa, sai kalmar ta zauna.

Sauran ba su da wuya. Chichón shi ne ƙullutun da ke tasowa a kai in an buge, ampolla bororo, inflamación kuma kumburi mai zafi da ja.

Inda za ka sa natsuwa shi ne orgullo, domin fuska biyu gare shi. Estoy orgulloso de mi hija yabo ne, ina alfahari da 'yata. Amma es muy orgulloso suka ce, mutum ne mai girman kai. Bambancin duk yana tsakanin estar (inda estoy ya fito) da ser (inda es ya fito): na farko yana nuna abin da kake ji a kan wani abu, na biyu halin da kake da shi. Rubuta jimlolin biyu ɗaya ƙarƙashin ɗaya, ka riƙa karanta su tare. Soberbia ta fi nauyi, takabburi ke nan, tana cikin manyan zunubai 7 a koyarwar Katolika. Duk da haka in ka ji mai sharhin ƙwallo ya ce un gol soberbio, yabon ƙwallon yake yi, cewa ta ƙayatar.

A hirar yau da kullum creído za ka fi ji, mai ji da kansa. Presumido mai son a gani ne, fanfarrón mai cika baki, prepotente kuwa wanda ke taka mutane don yana da iko. Shawarata, kowace kalma ka liƙa mata fuskar wani da ka sani, a zuciyarka kawai. Ba za ka manta ba.

Sai karin magana. Se le subieron los humos a la cabeza, hayaƙi ya hau masa kai, ana faɗa wa wanda samu ya sa ya fara ɗagawa. Ƙasƙantar da shi kuma bajarle los humos ne, a sauke masa hayaƙin. Mirar por encima del hombro shi ne kallon hadarin kaji. Hincharse de orgullo kuwa, nan ne ɓangarorin biyu suka haɗu, mutum ya kumbura da alfahari.

Af, hincha ma daga hinchar take, wato magoyin bayan ƙungiyar ƙwallo. Ana danganta ta da Prudencio Reyes, mai hura wa ƙungiyar Nacional ta birnin Montevideo na ƙasar Uruguay ƙwallaye a farkon ƙarni na 20, wanda ya yi suna wajen ihun goyon baya a bakin fili.

Kafin ka jefi wani da ɗaya daga cikin kalmomin nan, duba ta a ƙamus ɗin Real Academia Española, hukumar kula da harshen Sifaniyanci, kyauta ne a intanet, kuma yakan nuna in wata ma'ana ta keɓanta da wata ƙasa. Engreído a Sifaniya mai girman kai ne, amma a Peru uwa na iya kiran ɗanta mi engreído, wato ɗan lelenta.