Tarwaɗar ado ta fi ƙarfin akwatin gilashi: yadda ake gane irinta da sauya mata wuri a Sakkwato

Yawancin kifayen nan masu gashin baki ana sayo su ne ba su wuce tsawon yatsa ba, shekara ɗaya ko biyu sai ka ga kifi ya cika akwati, ko juyawa ba ya iya yi sai ya lanƙwashe. Auna kifin ta jikin gilashi, ka auna faɗin akwatin daga gaba zuwa baya. In faɗin bai kai tsawon kifin da rabi ba, wurin ya yi masa kaɗan. Sauran alamu su ne gashin baki ya fara cinyewa, hanci ya goge saboda karo da gilashi, ruwa ya gurɓace kwana biyu da canzawa, ƙananan kifaye kuma suna ɓacewa da dare.

Kafin ka nemi mai karɓa, san irin kifin, domin irinsa ne zai gaya maka inda ya halatta ya je. Fiffiken baya shi ne abin dubawa na farko. Tarwaɗa tamu ta gida tana da fiffike guda dogo daga bayan kai har kusa da wutsiya, kai mai faɗi da tauri, gashin baki takwas, kuma takan taso ta shaƙi iska. In fiffiken ya rabu biyu, na gaba dogo marar ƙaya mai tsini, na baya tsoka zalla, ramboshi ne, wanda kan wuce mita ɗaya. Ƙurungu gajere ne mai kaurin ƙirji, da ƙaya mai tsini a baya da gefe biyu, yana kuka in an kama shi. Minjirya kuwa ba ta da fiffike mai ƙaya a baya sam, jikinta mulmulalle, idanu ƙanana, kuma tana jan mutum da wutar da kan kai bolt 350, don haka kada a sa mata hannu.

Baƙin kifaye su ne suka fi ba da wahala. Fileko, wanda ake sayarwa don ya riƙa goge gansakuka a gilashi, ɗan Kudancin Amurka ne, bakinsa a ƙasa yake yana mannewa, jikinsa sulke ne mai kaushi, yakan kai santimita 40 zuwa 50. Wani kuma, mai jar wutsiya, daga kogin Amazon yake, bayansa baƙi, gefensa fari, yana wuce mita ɗaya, kuma duk abin da ya shiga bakinsa haɗiyewa yake yi. Akwai kuma fangasiyus daga kogin Mekong, mai sheƙin azurfa da wutsiya mai reshe biyu, mai saurin firgita har ya fasa hancinsa a gilashi. Shi ma yana wuce mita. Babu akwatin falo da zai riƙe waɗannan biyun har su tsufa.

Kada a saki ko ɗaya daga cikinsu a gulbin Rima, ko Kwalkwalawa, ko tafkin Kware, ko madatsar Goronyo. Mutum kan ga kamar jinƙai ya yi, alhali cutar masunta ya yi. Fileko yana haƙa ramuka a gaɓa, ƙayarsa tana yaga raga, ga shi ba ya kasuwa, kuma ya riga ya zama annoba a ruwayen Meziko da Filifin. Ko tarwaɗar gida ce, in ta zauna da kifayen waje tana iya ɗauke da cutar da kifin gulbi bai saba da ita ba. Game da ci kuma, kifin da aka taɓa zuba wa koren maganin nan ko shuɗin da ake sa wa kifin ado bai kamata ya shiga tukunya ba.

Tarwaɗa da ramboshi ba su da wahalar samun gida, masu kiwon kifi za su karɓa, sai dai a keɓe musu tafki, don babba yana cinye ƙanana. Baƙin kifi kuwa nemi mai shagon kifin ado, ko mai tafkin ado a gida ko otal, ko ka tuntuɓi sashen nazarin kifi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Aika hoto daga gefe da daga sama, da tsawonsa, da abin da yake ci. Je ka ga wurin da idonka: yana da inuwa, yana da murfi ko doguwar katanga, kuma ambaliyar damina ba za ta haɗa shi da gulbi ba? In a gidanka za ka riƙe shi, tankin roba mai lita 1,000 da bai taɓa ɗaukar mai ko sinadari ba zai ishi fileko ko tarwaɗa. Sabon tafkin siminti sai an jiƙa shi ana zubar da ruwan na aƙalla mako biyu, in ba haka ba kaifin simintin zai ƙona fatar kifin.

Kafin ranar tashi, riƙa canza kashi ɗaya cikin uku na ruwan sau biyu a mako, ka rage abinci, ka danne murfi da abu mai nauyi. Ruwan famfo a bar shi ya kwana a buɗe.

Ɗaukar kifin ita ce inda aka fi yin asara. Hana shi abinci kwana biyu, domin cikakken ciki yana amai da kashi a hanya, ruwan ya zama guba. Kashe wuta, kwashe duwatsu, rage ruwa har ya rage abin da ya rufe bayansa kaɗan. Kada a yi amfani da raga, ƙayar gefe tana maƙalewa ta kafe, wajen cirewa a karya ta. Kora shi cikin bokiti ko roba da aka kwantar a ruwa, ko a lulluɓe shi da jiƙaƙƙen zane mai santsi, mutum biyu su ɗaga. Babbar jarka da aka yanke samanta, irin wadda masu kiwo ke jigila da ita, ta isa in kifin zai iya miƙewa a ciki. Zuba ruwan akwatinsa har ya rufe shi kawai, a bar sarari don iska, a rufe da jiƙaƙƙen buhu a ɗaure. Mai jar wutsiya da fangasiyus a haɗa musu ƙaramin injin iska mai batir.

Yi tafiyar bayan sallar asuba. Daga Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato yana haura digiri 40, ruwa kaɗan a bayan Keke yana ɗumama cikin mintoci, ruwan zafi kuma ba ya riƙe iska. Lokacin hunturu akasin haka ne, a jira hantsi, domin baƙin kifayen nan sun fi son digiri 24 zuwa 28.

In an isa, kada a juye shi kai tsaye. Riƙa zuba kofi biyu na sabon ruwa a jarkar duk minti biyar har minti arba'in, sannan a ɗaga kifin shi kaɗai a saka, tsohon ruwan a zubar a ƙasa. A keɓe shi mako uku kafin ya haɗu da wasu, a sa masa guntun bututun roba ya ɓuya, kuma kada a ba shi abinci sai bayan kwana biyu. In ƙaya ta soki wani, a wanke da sabulu, a tsoma wurin a ruwan zafin da fata za ta iya jurewa na rabin awa, in ya kumbura ko guntun ƙaya ya rage a ciki a tafi asibiti a kuma nemi allurar tetanus.