Yadda ake nemo taron masu fama da shan giya, da yadda ake halartarsa

Wanda giya ta kama yakan rantse da safe cewa ya daina, kafin dare ya karya rantsuwar. Shi ya sa ake da tarukan taimakon juna, inda mutanen da suka san wannan jarabar a jikinsu suke zama su faɗa wa juna gaskiya. Ba likita ke jan zaman ba, ba kuma wa'azi ake yi ba.

Amma fara da likita. Idan ka daɗe kana sha kullum, kuma da yawa, kada ka yanke dare ɗaya kai kaɗai a ɗaki. Sa'o'i kaɗan bayan kurɓar ƙarshe hannu yakan fara karkarwa, ga gumi, ga tashin zuciya, barci ya ƙaurace. Wasu sukan faɗi suna jijjiga kamar masu farfaɗiya, wasu kuma a kwana na biyu ko na uku hankalinsu ya gushe su riƙa gane-gane, kuma wannan yana iya kisa. Taro ba ya maganin wannan, sai asibiti.

Daga nan sai nema. Ƙungiyar da ta fi yaɗuwa a duniya ita ce Alcoholics Anonymous, wadda aka fi sani da AA. Ta samo asali a 1935 a birnin Akron na jihar Ohio a Amurka, lokacin da mashaya biyu, Bill Wilson da likita Bob Smith, suka gano cewa hira da ɗan'uwa mai irin matsalarka tana rage ƙishin giyar. Duba shafinta na intanet, ko ka sauke manhajar Meeting Guide, wadda ke nuna rana da lokaci da wurin tarukan da aka shigar a cikinta. In ba ka ga na kusa da kai ba, tambayi ma'aikatan sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a asibiti, ko cibiyar gyaran masu shaye-shaye. In duk ya faskara, akwai tarukan da ake yi ta intanet dare da rana, kana iya shiga ba tare da ka kunna kyamara ba.

AA tana tafiya ne a kan matakai 12, kuma a cikinsu ana maganar dogaro ga Ubangiji, kowa yadda ya fahimce Shi, ba tare da jingina ga wani addini ba. Wanda wannan salon bai kwanta masa ba, akwai SMART Recovery, da aka kafa a 1994, wadda ta fi mai da hankali kan dabarun danne sha'awa da sauya tunani.

Lura da irin taron kafin ka tafi. Akwai buɗaɗɗe, wanda kowa zai iya zuwa, har ka tafi da ɗan rakiya. Akwai rufaffe, na masu son daina sha kawai. Wannan niyyar ita ce kaɗai sharaɗin shiga.

Ranar zuwa, ka isa da wuri kaɗan, ka ce wa wanda ka tarar yana jera kujeru, "Yau ne zuwana na farko." Ba rajista, ba kuɗin shiga, sunanka na farko ya isa. Za a zagaya da ɗan kwando don kuɗin hayar ɗaki, in ba ka da shi ka miƙa gaba. Zaman yakan ɗauki kamar awa ɗaya. Kowa yana magana bi da bi a kan kansa, ba a katse shi, ba a kuma yi masa nasiha a gaban jama'a. In aka zo kanka, ba laifi ka ce, "Yau saurare kawai zan yi." Kuma yayin sauraron, nemi inda labarin mutum ya yi kama da naka. Sabon zuwa yakan ce a ransa, ai ni ban taɓa kwana a kwata ba, nawa bai kai haka ba. To, amma kwalbar da ake ɓoyewa a bayan kaya fa, da ƙaryar da ake shirga wa iyali?

Mutane da yawa kunya ce ke hana su zuwa, wai kada su haɗu da idon sani. In ka haɗu da shi, abin da ya kawo ka shi ya kawo shi. Ƙa'ida ce abin da aka ji a ɗakin a bar shi a ɗakin, ko da yake 'yan'adam ne, don haka sirrin da ya yi nauyi ka ajiye shi sai ka sami wanda ka amince da shi.

Idan an tashi, kada ka yi wuf ka fice. Tsaya a gaisa, ka karɓi lambar waya biyu ko uku, don sha'awa ba ta jiran ranar taro. A hankali za ka zaɓi jagora, wato wanda ya daɗe da dainawa, ya riƙa bi da kai matakan. Bisa al'ada namiji yakan zaɓi namiji, mace ta zaɓi mace. Ka guji harkar bashi da 'yan taro, kuma kada ka bar maganin da likita ya rubuta maka don wani ya ce ka bari.

Kada ka yanke hukunci da zama ɗaya, don kowane taro da irin mutanensa. Gwada wurare daban-daban. Tsofaffin 'yan AA sukan ba sabon shiga shawarar taro 90 cikin kwana 90. In ba za ka iya ba, tsayar da ranakun da za ka iya ka riƙe su. In kuma ka zame ka sha, koma taro na gaba ka faɗa, ba za a kore ka ba. Iyalinka ma suna da nasu zaman, Al-Anon, da aka kafa a 1951, kuma suna iya zuwa ko da kai ba ka fara ba tukuna.