Darasi na Bakwai: Ragowar Abincin Sallah da Girkin da Ba Nama

Ranar Sallah kowane gida a Kano yana ɗora tukunyar da ta fi ƙarfin cikinsa. An tuƙa tuwo, an soya waina, an dafa shinkafa. Maƙwabta sun aiko da nasu kwanon, dangi na Fagge da na Gwale ma sun aiko. Yara kuwa sun tafi kallon hawa, sun cika ciki da alewa a hanya. Washegari, ranar hawan Daushe, sai uwargida ta tarar da kwanuka jere a kicin, wani ko buɗe shi ba a yi ba. Bayan kwana biyu a kwashe a zuba a kwata. Abin akwai ciwo, domin kuɗi ne da gumi aka zubar, ga kuma wani a ƙofar gida yana neman abin da zai sa a baki.

A cikinmu akwai waɗanda ba sa cin nama. Wani likita ne ya ce ya rage, wani ransa ne ba ya so, wani kuma aljihu ne ya hana. Wannan darasi nasu ne, amma kowa zai ƙaru da shi.

Wanne za a fara ci?

Shinkafa ce ta farko. Akwai wata ƙwayar cuta da ke zama a jikin ɗanyar shinkafa, wadda dahuwa ba ta gamawa da ita. In shinkafa ta huce ta daɗe a ajiye, sai ƙwayar ta farfaɗo, ta yaɗu, ta saki dafi. Ɗumamawa ba ta kashe wannan dafin, shi ya sa mutum zai ci shinkafa mai zafi kuma ya kwana yana amai da gudawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a bar dafaffen abinci a waje fiye da awa 2. A Kano kuwa, daga Maris zuwa Mayu zafi yakan haura digiri 40, abinci ba ya jira.

Saboda haka, in babu firiji, ko akwai amma ba wuta, a raba shinkafar tun ranar. A ba almajirai da maƙwabta tana da kyanta. Kada a jira sai ta fara yauƙi sannan a tuna da sadaka. Abin da ba za ka ba ɗanka ba, kada ka ba ɗan wani.

Wadda ta kwana a firiji mai sanyi, a soya albasa da attaruhu, a yanka karas da kabeji, a juye ta ciki, a yi ta juyawa har tururi ya tashi daga tsakiyarta. Ko kuma a zuba ta cikin ƙullun waina, tunda dama ƙullun yana buƙatar dafaffiyar shinkafa. Tuwon shinkafa ma dokarsa ɗaya da shinkafa.

Miya a tafasa ta da dare, a rufe, kada a sake tsoma cokali. Da safe a sake tafasawa sosai. Ɗumame mai ɗumi-ɗumi ba ɗumame ba ne: a yayyanka tuwon ƙanana yadda zafi zai ratsa cikinsa. Duk abin da ya canza wari, ko ya yi kumfa, a haƙura da shi.

Ƙanzo da gurasa

Iyayenmu mata ba sa wanke tukunyar tuwo da ƙanzonta. Sukan kankare shi, su shanya a faifai a rana, su rufe da ƙyalle mai shara-shara saboda ƙuda da ƙura. In ya bushe har yana karyewa ƙas, sai a zuba a buhu mai tsabta a rataye. Ranar da gida ya yi shiru, sai a ɗebo, a ɗan daddaka, a wanke, a jiƙa da ruwan zafi har ya yi laushi, a tsane. A zuba dakakken ƙuli-ƙuli, da man gyaɗa cokali biyu, da yaji, da albasa da tumatir. In akwai dafaffen zogale a ƙara. Wannan shi ne kwaɗon ƙanzo, kuma yana riƙe ciki tun daga hantsi har la'asar. Yara da yawa a birni yanzu ba su san shi ba, kuma laifinmu ne mu manya da muka ɗauke shi abincin ƙauye.

Gurasar da ta kwana ta yi tauri, ko ta Jakara ce ko ta gida, ba ta lalace ba muddin ba ta yi funfuna ba. A tsoma ta a ruwan ɗumi a cire da sauri, a barbaɗa ƙuli-ƙuli da yaji, a yaryaɗa mai, a yanka albasa da kokwamba a kai. Bandashe ya haɗu.

Hira a bakin murhu

Suruka: Inna, ga kayan miya sun soyu. In zuba naman?

Inna: Dakata, 'yar nan. Ɗebi ludayi uku a ƙaramar tukunya tukuna. Kin san Malam ya daina cin nama.

Suruka: To Inna, me zan sa masa? Kada miyar ta yi salam.

Inna: Daka daddawa da citta da tafarnuwa ki zuba. Ki soya awara ki jefa a ciki ta tsotsi miya. Ki yanka alayyahu a ƙarshe.

Suruka: To Inna, an gama.

Me zai maye gurbin nama?

Jiki yana buƙatar abinci mai gina shi, kuma ba nama kaɗai ke da wannan ba. Wake yana da shi, haka gyaɗa da waken suya da ƙwai da nono. In aka haɗa wake da hatsi, kowanne yana cike giɓin ɗan'uwansa. Shinkafa da wake, ƙosai da koko, alale da kunu, duk haɗi ne mai kyau da muka saba da shi.

Awara ta cancanci a koya. A jiƙa waken suya, a wanke, a kai niƙa, a tace da ƙyalle. A ɗora ruwan a wuta, in ya tafasa a zuba ruwan tsamiya kaɗan-kaɗan har ya dunƙule. A kwashe a ƙyalle, a ɗaure, a danne da abu mai nauyi ruwan ya tsane, sannan a yanka a soya. Mace da yawa a unguwanninmu da wannan sana'a take biyan kuɗin makarantar yara.

Abu biyu mai barin nama zai kula da su. Na farko, kada ya bar nono da ƙwai, domin akwai sinadarin da jini da jijiyoyi ke buƙata wanda babu shi a hatsi da ganye. Na biyu, ya riƙa matsa lemon tsami a kwaɗo ko wake, wannan yana taimaka wa jiki ya ɗauki sinadarin ƙarfe mai ƙara jini. Shayi kuwa yana rage hakan, a jinkirta shi bayan an ci abinci. Mai ciki da mai shayarwa su nemi shawarar ma'aikatan asibiti.

Cefane da itace

Sayen gwangwani-gwangwani shi ke cinye kuɗi. Gida uku ko huɗu za su iya haɗa kuɗi, a tura mutum ɗaya Dawanau ya auno wake da gero, a raba da kwano. Kayan miya da ganye a je 'Yankaba. Lokacin da tumatirin rani na Kadawa da Kura ya cika kasuwa, a saya da yawa, a yanka, a shanya ya zama kauɗa, don damina in ya yi tsada. Zogale da rama da kuɓewa ma ana busar da su, amma ganye a inuwa ake shanya shi.

Wake a jiƙa shi tun dare, zai dahu da wuri, gawayi ya ragu, kuma ba sai an cika masa kanwa ba. A riƙa rufe tukunya.

Aikin aji

1. Karanta hirar Inna da surukarta da babbar murya, kai da na kusa da kai.
2. Rubuta waɗannan kalmomi sau uku: ƙanzo, ɗumame, ƙuli-ƙuli, kauɗa.
3. Me ya sa ɗumamawa ba ta gyara shinkafar da ta daɗe a waje?
4. Gida 4 sun haɗa kuɗi sun sayi kwano 20 na wake. Kwano nawa kowane gida zai samu?
5. Tambayo kuɗin kwanon waken suya da kuɗin kilo ɗaya na nama a kasuwar unguwarku. Rubuta su a littafinka, ka zo da su aji mako mai zuwa.