Yadda Za Ka Karanta Yaƙe-yaƙen Zamanin Cacar Baka Ba Tare da Sun Dagule Maka Ba

Mai son sanin tarihin takun-saƙar gurguzu da jari-hujja yakan faro da jerin yaƙe-yaƙe: Koriya, Biyetnam, Angola, Afghanistan. Kafin ya kai na uku, sunaye da shekaru sun cakuɗe masa. Ga hanyar da nake bi, ita kuma nake nuna wa duk wanda ya nemi shawarata.

Fara samo taswirar wancan zamani, wadda ke nuna Tarayyar Sobiyet da Jamus biyu. Ka rubuta shekaru huɗu a gefenta: 1945, ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, 1949, 1962, rikicin makamai masu linzami na Kyuba, sai 1991, rushewar Sobiyet. A cikinsu ka fi riƙe 1949. A shekarar aka kafa ƙungiyar tsaro ta NATO, Sobiyet ta gwada bam ɗinta na nukiliya na farko, Mao Zedong kuma ya kafa mulkin gurguzu a Sin. Tun daga nan Amurka da Sobiyet suka san cewa gaba da gaba halaka ce ga kowa, sai faɗan ya koma ƙasashen wasu.

Aƙidun kuwa kada su ci maka lokaci. Ɓangaren gurguzu ya ce masana'antu da gonaki su zauna a hannun gwamnati ƙarƙashin jam'iyya ɗaya, na jari-hujja ya ce kasuwa da mallakar ɗaiɗaikun mutane su ja ragama. Wannan ya ishe ka a matakin farko.

Aikin gaske yana cikin tambayar da za ka yi wa kowane yaƙi: me ke tsakanin mutanen ƙasar kafin manyan su iso? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ɗauki Biyetnam. Ho Chi Minh ɗan gurguzu ne, ba shakka, amma ya ayyana 'yancin ƙasarsa tun Satumban 1945, kuma da Faransa mai mulkin mallaka ya fara gwabzawa har aka murƙushe sojojinta a Dien Bien Phu a 1954. Da Amurka ta shigo da ƙarfinta, shugabanninta suna ganin suna tare ambaliyar gurguzu ne. Da yawa daga waɗanda suke yaƙarta kuwa gani suke wani baƙo ne ya maye gurbin wanda suka kora. In ba ka riƙe fahimtar nan guda biyu tare ba, ba za ka gane dalilin da ya sa ƙasa mafi ƙarfin soja ta janye, Saigon, babban birnin Biyetnam ta Kudu da Amurka ke mara wa baya, ta faɗi a 1975 ba. Haka Koriya: Kim Il Sung na arewa ne ya yi ta matsa wa Stalin, shugaban Sobiyet, lamba ya amince masa ya kai wa kudu hari a 1950, Syngman Rhee na kudu shi ma burinsa ya haɗe ƙasar a hannunsa. Ina jin takaicin rubutun da ke mayar da waɗannan al'ummu kamar marasa ra'ayi, waɗanda ake juyawa daga Mosko da Washinton. Suna da nasu buri, sau da yawa ma su ne suka jawo manyan cikin rigimarsu.

Daga nan sai ka raba takarda gida uku: wa ya ba da kuɗi da makami, wa ya tura soja, wa aka binne. Amurka ta rasa sojoji kimanin 36,000 a Koriya, kimanin 58,000 a Biyetnam. 'Yan ƙasashen da suka mutu kuwa da miliyoyi ake lissafinsu, da yawansu fararen hula. Gida na ukun shi ne wanda aka fi tsallakewa, kai kada ka tsallake.

Sannan ka nemi inda lissafin “gabas da yamma” ya karye, domin nan ne darasin ya fi yawa. Misalin da na fi so shi ne yaƙin Ogaden. Somaliya ta Siad Barre ƙawar Sobiyet ce, har da yarjejeniyar abota a 1974. Habasha ta Haile Selassie kuwa ta Amurka ce. A 1974 ɗin soja suka tumɓuke sarkin, daga bisani jagoransu Mengistu ya rungumi gurguzu. Da Somaliya ta kutsa yankin Ogaden na Habasha a 1977, sai Mosko ta zaɓi Habasha, ta aika makamai, Kyuba ta aika dakaru. Siad Barre ya kori mashawartan Sobiyet, ya juya wajen Amurka. Gwamnatoci biyu masu kiran gurguzu ne suka yi wannan yaƙi, kuma a kan ƙasa suka yi shi. A Angola ma, bayan 'yancin 1975, sojojin Kyuba masu dafa wa gwamnatin gurguzu ta ƙasar sun yi gadin wuraren haƙar mai na kamfanin Amurka a Kabinda, alhali gwamnatin Amurka tana mara wa 'yan tawayen UNITA baya. Sin da Sobiyet sun yi musayar wuta a kan iyaka a 1969, Sin kuma ta auka wa Biyetnam a 1979.

Wajen zaɓen abin karantawa, kowane yaƙi ka nemo masa aƙalla rubutu ɗaya na ɗan ƙasar da aka yi shi. Bayan 1991 an buɗe wasu takardun sirrin Sobiyet, saboda haka ka duba shekarar da aka wallafa littafi kafin ka dogara da shi.

Kada kuma ka rufe littafinka a 1991. Sojojin Sobiyet sun bar Afghanistan a Fabrairun 1989, amma gwamnatin Najibullah da suke mara wa baya ba ta faɗi ba sai 1992, mujahidai kuma suka koma yaƙar juna. Yaƙin Angola bai ƙare ba sai 2002, bayan kashe Jonas Savimbi, jagoran UNITA. Koriya biyu kuwa tsagaita wuta kawai aka sanya wa hannu a Yulin 1953, har yau babu yarjejeniyar zaman lafiya tsakaninsu.