Kurakuran da Mutanenmu Ke Yi Wajen Neman Miyar Kori a Indiya

Duk wanda ya dawo daga Indiya, jinya ce ta kai shi ko karatu, magana ɗaya yake yi min: "Abincinsu ba ya ciwuwa." Na gaji da jin wannan. Wata huɗu na yi a Delhi ina jinyar mahaifina, kuma abin da na gani shi ne abincin ba shi da laifi, mu ne ba mu iya nema ba.

Tun daga sunan ake ɓata hanya. Mutum ya zauna ya ce a kawo masa "kori", don a wurinmu kori shi ne garin nan ruwan ɗorawa da ake barbaɗawa a soyayyar shinkafa. To, kamar baƙo ne ya sauka a Kano ya ce a ba shi "miya". Wacce? Kuka, taushe ko kuɓewa? Kowace miya a can da sunanta. Korma mai kauri ce, ba yaji sosai, da kindirmo ake haɗa ta. Rogan josh ta mutanen Kashmir ce, ja wur. Dal kuwa dangin miyar wake ce. Ka riƙe suna uku kafin ka bar masauki.

Amma kuskuren da har yau yake ci min rai shi ne na yanka. A makonmu na farko na ga wani gidan abinci kusa da masaukinmu, mai gidan dattijo ne da rawani da gemu har ƙirji. Ban tambayi komai ba, na ce ai wannan namu ne. Kwana tara ina sayen miyar kaza a wurinsa, ina kai wa Baba asibiti cikin kula, yana ci yana sa min albarka. Rana ta goma wani ɗalibi ɗan Katsina ya gan ni da ledar, ya ce, "Yaya, wa ya ce maka naman nan halal ne?" Ashe dattijon mabiyin addinin Sikh ne. Su ma suna naɗa rawani suna barin gemu, kuma ƙa'idarsu ta hana su cin yankan Musulmi. Nasu yankan jhatka ake ce masa, sara ɗaya ake fille kan dabba. Mutumin nan bai cuce ni ba, da na koma na tambaye shi bai ɓoye min komai ba. Ni ne ban buɗe baki ba. A daren ban runtsa ba, ina tunanin tsohon da bai taɓa cin abin da yake kokwanto ba, ga shi ni da hannuna na kai masa.

Don haka, don Allah, ka daina hukunci da rawani. Ka tambaya: "Halal ko jhatka?" Ba wanda zai ji haushi, tambaya ce da suka saba ji kullum. Me ya sa za ka iya yin rabin awa kana cinikin takalmi, amma tambayar abin da zai shiga cikinka take maka nauyi? Ni tun daga ranar ba na cin nama sai a unguwannin Musulmi. A Delhi, layin Matia Mahal da ke fuskantar masallacin Jama, ko Nizamuddin, ko Zakir Nagar. Kusa da masallacin Jama ɗin, cikin wani lungu, gidan Karim's yake tun 1913. A Mumbai, titin Mohammed Ali. Idan dare ya yi min a inda ban sani ba, sai na nemi gidan da ba ya dafa nama sam. Alamarsu koren ɗigo ne cikin koren murabba'i. Na ci dal da roti, wato gurasarsu, na kwanta hankali kwance. Vindaloo kuwa, asalinta ta Goa da naman alade ake yi, kada sunan ya burge ka.

Na biyu a ɓarna shi ne barin mai keke Napep ya zaɓar maka wuri. Wasunsu kamasho suke karɓa, sai su sauke ka a gidan da aka ƙawata don baƙi, miya salam, kuɗi ninki. Ni masu shara da masu jinya na asibiti nake tambaya inda suke ci ranar albashi. Taurarin Google ma ba na bi ido rufe. Nakan tsaya a ƙofa in duba: akwai iyalai da yara a ciki? Ana ciro burodinsu naan daga tanda yana tururi, ko an jibge shi a kwando? Idan takardar abincin ta haɗa na Indiya da na Sin da na Italiya, wucewa nake.

Nihari, wata miyar nama mai romo, ba abincin rana ba ne. Kwana yake yi a kan wuta, bayan sallar Asuba ake buɗe tukunyar, wanda ya makara sai ya tarar da ƙasan tukunya. Ka fito daga masallaci ka bi layi, ka matsa lemun tsami, ka barbaɗa citta.

Idan an rubuta naman rago da Turanci, yawanci akuya ce. "Naman sa" a Delhi na ɓauna ne, don an hana yanka saniya. Yaji ya kama ka, bar kwankwaɗar ruwa, nemi raita ko lassi, duk kindirmo ne. Ruwan ma sai na gora, ka duba murfin ba a taɓa buɗewa ba. Ranar Talata Hindu da yawa ba sa cin nama, wasu shagunan a rufe za ka same su. Mai jinya kuma kada ka kai wa mara lafiya komai sai likita ya amince, don miyar nan da man shanu take iyo.