Darasi na Shida: Kulle Ƙofar Kwamfuta da Wayfai

Assalamu alaikum 'yan aji. Darasin yau na duk mai kwamfuta ne, amma na fi yi da ku masu kafe da shagon fotokofi da buga takardu, don ku ne ake kawo wa takardar NIN da lambar BVN da sakamakon jarabawar yara, kuma duk suna nan jibge cikin na'urarku, wasu ma kun manta da su tun bara.

Mai kutse shi ne wanda ke shiga kwamfutar da ba tasa ba, ba da izinin mai ita ba. Na san abin da Baba zai ce, to ni me nake da shi da wani zai zo nema daga Turai? Ai Baba ba kai ya zaɓa ba, bai ma san sunanka ba. Manhaja ya saki tana yawo a intanet dare da rana tana taɓa ƙofofi, kamar ɓarawon da ya shiga layin shaguna a Kasuwar Bacci da tsakar dare yana girgiza kwaɗo ɗaya bayan ɗaya, wanda ya buɗe to shikenan nan ne rabonsa.

Rauta tukuna

Rauta ita ce 'yar akwatin nan mai ƙyalƙyal da fitila da ke raba wayfai. Ku ɗauke ta ku juya ƙasanta, za ku ga takarda a manne, akwai lamba irin 192.168.0.1 ko 192.168.1.1 ko 192.168.8.1, sai suna da kalmar sirri, da yawa ma admin ne sama admin ne ƙasa. Wannan lambar in ka rubuta ta a inda ake rubuta adireshin intanet, ɗakin sarrafa rautar za ta kai ka.

To a nan mutane ke ruɗewa, kalmar sirri biyu ce ba ɗaya ba. Akwai ta wayfai wadda kake ba kwastoma, akwai kuma ta shiga cikin rautar kanta, kuma wannan ta biyun ita ce kusan kowa ya bari yadda kamfani ya saka. Duk wanda ya hau wayfai ɗinka ya gwada admin ta buɗe masa, zai iya canza maka komai, ya kore ka ma daga rautarka, ko ya karkatar da kai zuwa shafin banki na jabu.

Akwai wani mai shago a Tudun Wada da ya kira ni kullum datarsa na ƙarewa kafin sati, har ya gama tsine wa kamfanin layi. Muka buɗe shafin rautar tare, muka duba jerin waɗanda ke kai, wayoyi sun fi goma alhali shi da yaronsa ne kawai a shagon. Kalmar sirrin kuwa lambar wayarsa ce, wadda ya rubuta da ƙaton fenti a allon shago! Ya yi shiru ya ce Malam wallahi ni na ɗauka dabara na yi don kar in manta.

Ku canza duka biyun, a sa mai tsawo, haruffa 12 zuwa sama, tsawo ya fi ƙyale-ƙyale amfani, haɗa kalmomi huɗu da ba su da dangi da juna ka sa lamba a tsakani ya wadatar. A wajen nau'in tsaro a zaɓi WPA2 ko WPA3, in kun ga WEP ku guje shi, tsohon kwaɗo ne da aka daɗe da gano yadda ake ɓalle shi. In akwai WPS, wato hanyar jona waya da rauta ba tare da rubuta kalmar sirrin wayfai ba, a kashe. In rautar na da wayfai na baƙi, shi za a riƙa ba kwastoma, kar wayar kowa da kowa ta zauna layi ɗaya da kwamfutar aiki.

Maganar afdet

Nan ne nake shan musu da ku a aji, don na san da yawanku kun sa an kashe muku afdet na Windows wai yana shan data. Gaskiya ne yana sha. Amma afdet ɗin nan faci ne, ana gano ɓaraka a manhaja sai kamfani ya aiko da abin toshewa, kuma ranar da aka sanar da facin su ma masu kutse sun ji inda ramin yake, sai su bi waɗanda ba su toshe ba.

A watan Mayun 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta kama kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150, ta kulle fayilolin mutane ta ce sai an biya dala 300 da Bitcoin, wato kuɗin intanet, garkuwa sak amma da takardu. A Ingila asibitocin gwamnati sai da suka soke ganin marasa lafiya da yawa. Abin takaicin, Microsoft ya riga ya fitar da facin wannan ramin tun watan Maris na shekarar, wata biyu kenan, waɗanda suka saka ba ta shiga musu ta wannan ramin ba.

Don haka a sayi data ta dare mai araha, a jona caji ranar da aka kawo wuta, a shiga Settings a danna Windows Update a bar ta ta gama, kar a kashe tana tsaka da yi. Sannan ku duba wane Windows ne ma a kai. Windows 7 an daina yi masa faci tun 14 ga Janairu 2020, Windows 10 kuma tallafinsa na yau da kullum ya ƙare 14 ga Oktoba 2025, amma har yanzu in ka zaga shagunan Kawo da Rigasa za ka ci karo da 7 yana aiki abinsa. In na'urar ta tsufa ba za ta ɗauki Windows 11 ba, akwai Ubuntu da ake sakawa a madadin Windows, kyauta ne kuma ana yi masa faci, sai dai zai ɗan ɗauke ka lokaci kafin hannu ya saba. Manhajar sata da ake zuba muku wajen gyara kuwa ni ban yarda da ita ba, wanda ya fasa ta ya raba kyauta ba don Allah ya yi ba, sau da yawa akwai abin da ya cusa a ciki.

Filas da yaran shago

Filas ɗin kwastoma ya shiga kwamfuta ashirin kafin taka. In ka soka ka ga fayiloli sun koma masu 'yar kibiya a gindi kar ka danna, bayiros ne, a fara bincike da Windows Security, mai kama bayiros, yana nan cikin Windows 10 da 11 ba sai ka saya ba. Yaron shago kuma a buɗe masa asusu na talaka, Standard, kai ka riƙe na Administrator, ko ya ɗauko tsiya ba za ta samu ikon taɓa tushen kwamfutar cikin sauƙi ba. In za ka fita sallah danna maɓallin Windows da L tare, ta kulle. Duk Juma'a a kwafe muhimman fayiloli zuwa hadis na waje, wato hard disk ɗin da ake jonawa, a cire shi a sa a durowa, in an bar shi a jone, manhaja irin WannaCry ta shigo, shi ma tare za a kulle su.

Takardun mutane kuma a goge in an gama aiki, Hajiya ke da ke da kafe a Unguwar Rimi da ke nake, tun 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a a Najeriya, amanar tana wuyan mai shago.

Aikin gida

Kowa ya juya rautarsa ko ta ɗansa ya rubuto lambar da ya gani a ƙasa, ya ƙirga wayoyi nawa ne ke kai, ya kuma rubuto wane Windows ne a kwamfutarsa. Sabuwar kalmar sirrin dai kar wanda ya rubuta min ita a littafin aji, wancan zangon mutum uku suka yi haka.